Kwalaben Oom Sarel

A barandar gidan Sarel Booysen akwai wani katako da ya kafa a bango da hannunsa. A kansa kwalabe ashirin da uku suke jere, irin na jam ɗin shafa wa burodi, kowace da yashi a ciki da lamba a murfi. Kowace kwalba tana tsaye ne a madadin wani wuri a dutsen da ke bayan ƙauyen Kaalrand, inda ya taɓa wanke yashi ya ga ƙyallin zinariya. Kusa da kowane wuri akwai tsohuwar rijiyar haƙa, domin mutanen zamanin da can ba sa haƙa inda babu komai. 'Yata Tengetile ta faɗa a rijiya ta tara.

Sunana Sikelela Magagula. Na yi aikin safiyo, wato awon ƙasa, shekara talatin da ɗaya. Zan faɗi labarin mutumin nan yadda na same shi, ba ƙari ba ragi.

An haifi Sarel a gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, ya kuma yi shekara talatin da shida yana gyaran birkin taragai. Yanzu shekarunsa saba'in da bakwai, gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa sosai. Kowa a ƙauyen Oom yake ce masa, wato kawu, matarsa kuma Tannie Marthie. Surukinsa ne ya fara ba shi farantin wankin zinariya a wani hutun Kirsimeti, tun daga nan kuma duk hutun da ya samu a bakin rafi ya ƙare. Da ya yi ritaya sai ya ce ba zai mutu a garin hayaƙin kwal ba, zai nemi dutsen da zai zauna, inda zai fito daga ƙofarsa ya taka zuwa ruwa.

Marthie ce ta ba ni labarin neman, ranar da na fara zuwa gidansu.

"Shekara huɗu yana yawo da ni a a-kori-kura kamar akuyar da ba ta samu mai saye ba," in ji ta. "Mu je nan, rafin ya ƙafe tun watan Agusta. Mu je can, mai gona ya sako mana karnuka. Akwai wani wuri da ya so ƙwarai, hazo har cikin kwanon abinci, na yi tari wata biyu. Na ce masa, Sarel, ko dai zinariya ko ni."

"Na yi mako ɗaya ina tunani," in ji shi.

"Mako biyu, tsohon banza."

A Kaalrand suka tsaya. Rafin ba ya ƙafewa, asibiti tafiyar minti arba'in ne, mai gonar itatuwan da ta mamaye dutsen kuma ya yarda a shiga da faranti da na'ura muddin ba a kunna wuta ba. Shekara goma sha tara ke nan.

Maƙwabci ne na kirki, ba zan hana masa wannan ba. Babu famfon da ya lalace a ƙauyen da bai taɓa ba. Yana kai tsofaffi asibiti a motarsa. Idan baƙo ya zo da faranti, zai zauna da shi yini guda yana koya masa yadda ake karkata shi, yadda ake barin ruwa ya kwashe yashi mara nauyi, yadda ake gane zinariya daga ƙyallin banza. Zai ba ka farantinsa, ya ba ka takalmin ruwansa, ya ba ka rabin naman da ke kan garwashinsa. Abu ɗaya ne ba ya bayarwa.

Masu wannan sha'awa suna da al'ada. Ba a tambayar mutum inda ya samu. Wanda ya manta ya tambaya, amsar guda ce: "A dutse." Ba a kafa alama, ba a shafa fenti a jikin itace, domin alama kira ce ga wani. Idan kuma mutum ya ga kana nufar wurinsa, zai ce maka babu komai a can sai macizai. Kowa ya san wannan ƙaryar, har dariya ake yi da ita a wurin gashin nama.

Duk abin da Sarel ya samu a shekara goma sha tara ba zai cika murfin kwalbar lemo ba. Doka ba ta ba shi damar sayarwa ba, shi ya sa yake barin ta a cikin yashinta. Ba arziki yake ɓoyewa ba. Na daɗe ina juya wannan a raina, kuma har yau bai sauƙaƙa mini komai ba.

Tengetile ita kaɗai muka haifa. Mahaifiyarta ta rasu lokacin da yarinyar ke jami'a. Ta yi karatun haɗa magunguna, ta yi aiki a wani asibiti a Mbombela, tana da shekara talatin ta sayi na'urar gano ƙarfe a ƙasa, irin mai doguwar sanda da faifai a baki, wadda ke kuka a kunnen mutum idan ta bi ta kan ƙarfe. Da farko filayen ƙwallo take bi tana tono tsofaffin kwabbai. Daga baya ta je taron masu wankin zinariya da ake yi a Kaalrand kowane Satumba, ta dawo da magana ɗaya a baki: tana son dutsen da za ta zauna. Ta tambayi mutane da yawa a taron. Wasu sun yi mata dariya. Sarel ya zaunar da ita, ya zana mata a bayan kwalin sigari abin da ya koya a shekara huɗun yawonsa, ya ce ta duba rafi a rani ba a damina ba, ta tambayi mai ƙasa kafin ta tambayi mai gida. Shi ya samo mata ɗan gidan da ke ƙasa da nasa, ya gyara mata rufin. Ta samu aikin kwana uku a mako a asibitin gundumar, sauran kwanakin na dutse ne.

Watanta biyu da tarewa na kai mata ziyara. Aka hura garwashi a gidan Sarel, Marthie ta tuƙa tuwon masara. Tun ranar ya laƙaba mini Safiyo.

"Ka ga 'yarka, Safiyo? Kwana uku ta tono mini ƙusa ɗari da takalmin doki biyu. Na ce mata, yarinya, in shagon gwangwani kike son buɗewa ki faɗa mini, ina da fili a baya."

"Oom, ai na'urar ce ke kuka," in ji Tengetile. "In ƙyale ta?"

"Kawo nan."

Ya ɗora na'urar a cinya, ya nuna mata wani ɗan maɓalli a gefe. "Wannan na baƙin ƙarfe ne. Dutsen nan shara ce zalla, mutanen da sun zubar da ƙusoshi kamar masu shuka. Ki murɗe shi har ƙasa. Ba za ta ƙara yi miki maganar ƙarfe ba, sai abin kirki."

"Haka ya yi mini," in ji Marthie tana juya nama. "Tun shekarar da aka ɗaura ya murɗe ni har ƙasa."

"Bai yi aiki ba," in ji Sarel.

Muka yi dariya. Ni ma na yi. Ina zaune a wurin da faranti a hannu lokacin da ya murɗe maɓallin.

Ga abin da ban sani ba a lokacin, shi kuma ya sani. Mutanen da suka haƙa dutsen nan shekara ɗari da wani abu da suka wuce, idan za su bar rijiya sai su gicciya katako biyu a bakinta, su shimfiɗa kwanon rufi, su zuba ƙasa a kai don kada shanu su faɗa. Ciyawa ta fito, ta mutu, ta sake fitowa. Katakon ya ruɓe. Kwanon ya yi tsatsa. Ido ba ya ganin komai sai ciyawa irin ta ko'ina. Abu ɗaya ne a duniya zai iya gaya wa mai tafiya cewa akwai kwano a ƙarƙashin ƙafarsa, shi ne na'urar da ke hannunsa, idan ba a rufe mata baki ba.

A farkon Yuni ta kira ni a waya tana dariya.

"Baba, na tambayi Oom ko in hau gangaren gabas. Ka san abin da ya ce? Wai babu komai a sama sai macizai."

"To ki ji maganarsa."

"Baba, ai kai ba ɗan gari ba ne. In Oom ya ce macizai, can abin yake."

Ranar Asabar, goma sha huɗu ga Yuni, ta fita da safe. Ranar Lahadi ba ta zo cin abincin rana a gidan Marthie ba, motarta kuma tana ƙofar gida. Marthie ta kira ni. Na iso da ƙarfe uku. 'Yan sanda da maƙwabta, mutum talatin da biyu, suka bazu a bakin rafi, domin kowa ya san a rafi take aiki. Na gaya musu maganar gangaren gabas. Aka tura mutum shida. Gangaren ya kai kilomita biyar a tsaye, ciyawar rani har ƙugu.

Sarel ba ya cikinmu. Tun kafin in iso ya ɗauki igiya da tocila ya hau dutse shi kaɗai. Ya dawo da yamma bai ce wa kowa komai ba. Litinin ma haka. Talata da ƙarfe goma sha ɗaya na safe ya sauko, hularsa a hannu, ya tsaya gaban babban ɗan sandan ya ce, "Ku zo da igiya mai tsawo."

Daga baya na fahimci abin da yake yi a kwanakin nan. Rijiyoyinsa yake dubawa ɗaya bayan ɗaya, da gwiwarsa mai ciwo, uku ko huɗu a yini. Tun ranar Lahadi ya san inda ya kamata a duba. Da ya tsaya a gaban mutum talatin da biyun nan ya raba mu, da mun gama su duka kafin rana ta faɗi. Amma hakan na nufin mutum talatin da biyu su san wurarensa. Ba na jin ya zauna ya auna ran 'yata da asirinsa ya zaɓi asirin. Ina jin abin bai ma zo masa a matsayin zaɓi ba. Ya saba hawa shi kaɗai, sai ya hau shi kaɗai.

Zurfin rijiyar mita goma sha shida ne. Ni na auna. Likita ya ce ta cika tun ranar Asabar, kafin rana ta faɗi. Na tambaye shi ko ya tabbata, ya ce kusan. Da aka miƙo mini jakarta, gorar ruwanta babu ko ɗigo, murfin kuma a ɗaure yake tamau.

Na'urar ba ta karye ba. Bayan an binne ta na ɗauke ta na kai bayan gidan, inda ragowar kwanon rufin da Sarel ya gyara yake jingine. Na kwantar da falle ɗaya a ƙasa, na bi da faifan ta kansa. Shiru. Na murɗa maɓallin sama, na sake bi. Ta yi ƙarar da sai da na cire abin kunnen. Na maimaita sau biyar, sakamakon bai canja ba.

Mako uku bayan haka na je gidansa da safe. Yana baranda, ƙarƙashin katakon kwalabe, yana tsoma busasshen burodi a kofi. Ya miƙe da ƙyar.

"Zauna, Safiyo. Marthie, kawo masa kofi."

"Ba zama na zo yi ba, Oom. Taron Satumba saura mako goma. Bara mutum ɗari biyu suka zo, rabinsu da na'ura, wasu da iyalansu. Ina son ka nuna mini rijiyoyin. In kafa turaku, in ja waya."

Ya ajiye kofinsa.

"Ka san abin da zai biyo baya? Ka kafa turke yau, gobe masu haƙar ɓoye sun gani. Su ba da faranti suke zuwa ba, da bindiga suke zuwa. Ka je kwarin da ke bayan wancan dutsen ka ga abin da suka mai da shi. Rafin can ko kare ba ya sha. Mata ba sa fita itace. Shirun da na yi ne ya sa ƙauyen nan ke barci."

"Wataƙila gaskiya ne. To ka nuna mini, mu rufe su da siminti mu mai da ƙasa."

"Siminti sai da mota. Mota tana barin sawu."

"Kana da amsar komai."

"Na gaya mata kada ta hau."

"Macizai ka ce mata."

Marthie ta fito da kofi ta ajiye a gabana da ƙarfi har ya fantsama.

"Ni ma bai taɓa nuna mini ba," in ji ta. "Shekara arba'in da huɗu ina wanke masa safa mai laka, ban san lakar ina ba ce. Sarel, ka ba mutumin nan abin da ya zo nema."

"Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, Marthie."

"Naka kam har yashi ya cika shi."

Na bar kofin inda yake na fita.

Na je wurin manajan gonar itatuwa, ya ce babu taswirar waɗannan ramuka, ko a wurinsu ko a wurin hukuma, amma in na gano su ba zai hana ni killacewa ba. Na rubuta wa ofishin da abin ya shafa. An amsa mini cewa takardata ta iso.

Sai na rufe gidana na Mbombela na tare a gidan Tengetile. Na shimfiɗa taswirar dutsen a teburinta, na raba shi gida-gida, kowane gida mita ɗari a tsaye ɗari a kwance, iya inda mutum zai iya takawa. Gida ɗari huɗu da goma sha biyu. Kowace safiya nakan ɗauki na'urarta da maɓallin a sama, da sandar rodi ta caka ƙasa, in bi layi in dawo layi. Sarel bai yi ƙarya ba game da shara. Kowane taku biyar na'urar na kuka. Dole in tsaya, in caka, in tona. Ƙusa. Gwangwanin kifi. Bakin diga. Ƙusa. A mako bakwai na gano rijiya huɗu. Lissafin ba mai wuya ba ne: a haka sai na yi kusan shekara.

Ƙusoshin nakan tara su a bokitin fenti. Kowace yamma idan na sauko sai in juye su a bakin ƙofar shingen Sarel. Ban taɓa ce masa komai ba, shi ma bai ce ba. Tulin ya kai gwiwa. Yakan kewaye shi idan zai fita. Wata rana na iske Marthie tana share ƙofar, ta share ko'ina ta bar tulin.

"Akwai sauran wuri ta nan gefen," in ji ta.

Saura mako biyu taron, ina saukowa da bokitina, na ga baƙuwar mota a ƙofarsa. Wata mata ce, mai kimanin shekara sittin, Mrs Naidoo, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya a Durban. Ta zo da wuri ne don ta duba gidaje, ita ma dutsen zama take nema. Wani ya ce mata ta nemi Oom Sarel. Tana zaune a barandar da sabuwar na'ura a cinya, shi kuma yana zana mata wani abu a bayan kwali. Na tsaya a bakin shinge. Na ji tana cewa tun safe abin ke damun ta da kuka, ba ta tono komai ba sai gwangwani.

"Kawo nan," in ji shi.

Ya karɓa. Yatsansa ya tafi kan maɓallin da kansa, kamar yadda hannun mutum ke zuwa aljihu. "Wannan na baƙin ƙarfe ne," in ji shi, sai ya ɗago ya gan ni.

Na buɗe ƙofar na shiga da bokitin.

"Ci gaba, Oom. Gaya mata sauran."

Matar ta dube ni ta dube shi. "Sauran me?"

"Gaya mata abin da ke ƙarƙashin ciyawa. Gaya mata wadda ka koya wa haka bara, da inda take yanzu."

Marthie ce ta faɗa, daga bakin ƙofar kicin, a taƙaice, ba ta bar komai ba, har da kwana biyun da ya yi yana hawa shi kaɗai. Mrs Naidoo ta miƙa hannu ta karɓe na'urarta daga cinyarsa a hankali, yadda ake karɓe almakashi daga hannun majinyaci.

"Nawa ne ramukan?" ta tambaya.

"Ƙirga kwalaben," in ji Marthie.

Ta ƙirga da ido. Ta yi mana sallama ta shiga motarta.

Washegari da ƙarfe shida da rabi na buɗe ƙofa na same shi tsaye a bakin hanya da sandarsa.

"Zan ɗan miƙe ƙafa, Safiyo," in ji shi, yana kallon wani wuri daban. "Hanya ta kowa ce."

Na ɗauki kayan awo da turaku na bi shi, taku ashirin a tsakaninmu. Mun yi kusan awa muna hawa. A wani wuri da ba shi da bambanci da ko'ina ya tsaya, ya cire hula, ya share kai, ya juya baya yana kallon kwari. Na caka rodi taku uku daga inda yake tsaye. Rodin ya shige har hannuna. Na rubuta lambobin wurin, na kafa turaku huɗu. Da ya ji na gama bugu sai ya mai da hula ya ci gaba.

Haka muka yi kwana biyar. Bai taɓa nunawa da yatsa ba. Bai taɓa cewa ga shi nan ba. Idan wani ya tambaye shi yau, zai iya rantsuwa cewa bai gaya wa kowa wurarensa ba, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ina bayansa ina kallon yadda yake tsare wannan ƙa'ida tasa da kulawa, gwiwa na ciwo, numfashi na sarƙewa, ina tunanin cewa tafiyar nan ta kwana biyar ita ce duk abin da ake buƙata tun bara. Ɗaya daga cikin rijiyoyin taku goma sha ɗaya ce daga hanyar da mahalarta taro ke bi zuwa wurin hutawa.

Rana ta shida bai fito ba. Na zauna na haɗa: goma sha bakwai da ya tsaya a kansu, huɗu da na gano, da ta tara. Ashirin da biyu.

Na same shi a baranda. An sauke sauran kwalaben, Marthie ta juye yashin a gindin tumatirinta. Guda ɗaya ce ta rage a kan katakon, mai lamba ɗaya.

"Saura ɗaya, Oom."

"Wannan babu mai zuwa wurin."

"Ta tara ma haka ka ɗauka."

"Wannan daban ce. Sai an bi ta wani tsagi, ko akuya ba ta bi. Ita na fara samu, shekarar da muka zo. Ranar na san ban ɓata shekara huɗun nan a banza ba." Ya shafa gwiwarsa. "Na ba ka ashirin da biyu. Ka bar mini ɗaya, Safiyo."

"Ni ma ɗaya gare ni."

Ya sunkuyar da kai. Na jira. Na ba shi lokaci mai yawa, na ga agogo, minti huɗu. Bai ɗago ba.

An yi taron a ƙarshen Satumba. Kafin ranar, ni da ma'aikatan gona shida mun ja waya a kewayen ashirin da biyun. Da safen farko na nemi izini na tsaya gaban mutane. Na ce musu akwai rijiya ɗaya a dutsen nan da ba a killace ba, ban san inda take ba, mutum ɗaya ne ya sani kuma yana zaune a cikinsu. Na ce duk mai hawa ya bar maɓallin ƙarfe a sama, idan kunne ya ji jiki ya tsira. Ban ambaci suna ba. Babu wanda ya juya ya dubi Sarel, babu kuma wanda ya tambaye shi. Ba a tambayar mutum inda ya samu.

Da safe kusan kowa ya bi maganata. Wajen azahar na ga mutum uku sun gaji da kukan sun murɗe abinsu. Babu wanda ya faɗa rijiya bana. Masu haƙar ɓoye ba su zo ba tukuna. Idan sun zo, Sarel zai ce ya faɗa, kuma zan amsa cewa ya faɗa.

Mrs Naidoo ba ta sayi gida a nan ba. Marthie ta daina kai masa kofi baranda, sai ya shiga ya zuba da kansa. Makon jiya famfona ya lalace, na dawo daga dutse na tarar an gyara shi, ba wanda ya ce shi ya yi.

A cikin gida ɗari huɗu da goma sha biyu na taka ɗari da sittin da takwas. Na fara da masu tsagi. Kowace safiya idan na fito yana baranda ƙarƙashin kwalbarsa, yakan ɗaga hannu ya ce, "An tashi lafiya, Safiyo?" Nakan ce lafiya, domin maƙwabci ne kuma ya girme ni. Sannan in tsaya daidai ƙofar shingensa, inda zai gani, in murɗa maɓallin har sama, in wuce.